Jirgin da Ambaliya Ta Bari a Tudu

Kafin yaƙin 2023 na je Khartum, kuma abin da ya fara tsayar da ni jirgin ruwa ne zaune a kan tudu. Ina tafe bakin Shuɗin Nilu da la'asar sai na hango shi, ga bututun hayaƙi, tsatsa ta ci gindinsa. Sunansa Melik. A Landan aka ƙera shi, aka kawo shi gunduwa-gunduwa aka harhaɗa a bakin kogi, kuma yana cikin jiragen da Kicina, janar ɗin Ingila, ya yi wa mutanen Halifa Abdullahi, magajin Mahdin Sudan, luguden wuta da su a yaƙin Omdurman, ranar 2 ga Satumba 1898. Ambaliya ce daga baya ta ɗora shi a nan ta tafi abinta. Na dafa ƙarfensa da rana ta gasa, jikina ya yi sanyi.

Masaukina na farko bai yi daɗi ba: kuɗin cizo, famfo babu ruwa, fanka sai kuka. A kwana na uku wani dattijo Bahaushe ya ji maganata a masallaci. "Ɗana, muna garin nan za ka kwana a otal?" Ya kwashe ni sai gidansa a unguwar Hillat Kuku. Kakanninsa da ƙafa suka zo daga ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903. Da dare ya aika aka sayo agashe, tsirenmu ne sak har da ƙuli, wanda Hausawa suka koya wa Sudan. Raina ya yi fari ƙal.

Da na ambaci Melik sai ya gyara zama. Ya ce Nilu bai taɓa jin tsoron ƙarfe ba. Jirage biyu da aka turo ceton Gordon, janar ɗin Ingila da Mahdi ya yi wa ƙawanya a Khartum, Bordein da Talahawiya, sun iso ranar 28 ga Janairu 1885, kwana biyu bayan Mahdi ya ci garin, kuma a hanyar komawa duwatsun kogi suka fasa su duka. Sai muryarsa ta sauka. A Mayun 1983 jirgin fasinja mai zuwa Wadi Halfa daga Aswan ya kama da wuta a tafkin Nasir, sama da mutum 300 suka rasu, har da maƙwabcinsa.

"Baba, mu ma muna da namu," na ce. Na ba shi labarin Wara ta Jihar Kebbi a Mayun 2021, inda jirgin katako da aka yi wa lodin wuce kima ya dare da 'yan kasuwa da mata masu goyo, babu mai rigar ceto. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya yi musu addu'a kamar ya san su ɗaya-ɗaya.

Sauran kwanakin a kasuwar Omdurman suka ƙare, wajen neman humra da turaren wuta na tsaraba.