Littattafan Garwa Suna Nesa da Garwa

Wani matashin malamin jami'a, mazaunin unguwar Rumde Ajiya kusa da babban filin ƙwallon Garwa, ya ƙuduri rubuta kundin digirinsa na uku a kan Hausar garin, wadda ta daɗe tana cuɗanya da Fulatanci da Faransanci. Da ya kai ga babin bitar ayyukan da suka gabata, sai ya tarar abin da ke hannunsa bai wuce ƙamusun Bargery na 1934 da yake dubawa ta intanet ba, sai wasu shafukan nahawun Paul Newman na shekarar 2000 da wani aboki ya ɗauka a waya ya turo masa daga Kano.

Dalilin wannan ƙaranci a fili yake. Jami'ar Garwa jaririya ce, a watan Janairun 2022 aka kafa ta. Ta Ngaundare ta zama cikakkiyar jami'a a 1993, ta Marwa kuwa sai a 2008. Ana iya gina aji cikin shekara guda, amma ɗakin karatu shekaru ne ke tara shi.

Cikin wannan nema ya ci karo da ayyukan Eldridge Mohammadou, masanin tarihi haifaffen Garwa, wanda ya rasu a Maiduguri a 2004. Littafin tarihin Garwa da ya rubuta tare da Modibbo Bassoro a Faris aka buga shi a 1980, wasu ayyukansa kuma a Tokyo. Abin ya sosa wa matashin rai, ganin labarin garinsu ya fi saurin samuwa a wata nahiya. Sai dai ya lura da wani abu: daga bakin dattawa Mohammadou ya tattaro yawancin abin da ya rubuta.

Don haka ya ɗauki wayarsa da littafin rubutu ya nufi zauren wani tsohon mahauci, wanda kakanninsa suka zo daga ƙasar Kano. Bayan gaisuwa ya ce, "Baba, na zo ne ku ba ni sunayen kayan fawa, da yadda kuka ji iyayenku suna faɗar su."

Dattijon ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, in na faɗa maka, ina za ka ajiye? Wasu sun zo gabaninka sun ɗauki muryar mahaifina. Har yau ba mu sake jin ta ba."

Tambayar ta hana shi barci a daren. Ya gane cewa mai kukan rashin madogara, in bai bar nasa a gida ba, shi ma yana ƙara wa na baya wahala. Washegari ya koma da alkawari: kowace hira za a yi mata kwafi uku, ɗaya na iyalin mai magana, ɗaya na sashensu, ɗaya na ɗakin karatun jami'a, ɗauke da suna da kwanan wata da izinin mai ita.

Sun zauna sau huɗu kafin dattijon ya kwanta ciwon ajali. Bayan sadakar bakwai, babban ɗansa ya nemi a kunna masa muryar mahaifinsa, aka kunna. Kundin bai kammala ba tukuna, amma ɗalibar da za ta fara nata bincike baɗi ta riga ta san inda za ta fara dubawa.