Sarauniyar Da Ta Yi Gadin Kabarin Doki

Ruwan sama ne ya kora ni cikin gidan adana kayan fasahar Amurka na Smithsonian da ke tsakiyar birnin Washington, tsohon gini mai dogayen ginshiƙai wanda ake shiga kyauta. Niyyata in fake kawai, sai ga shi na shafe kusan awa guda a gaban sassaƙa ɗaya.

Farin dutsen marmara ne, an fitar da surar Cleopatra, sarauniyar Masar, zaune bisa karagarta bayan rai ya yi halinsa. Kanta ya karkata baya, hannu ɗaya ya saki, ɗayan yana riƙe da macijin da ya sare ta. Masassaƙiyar ba ta ƙawata mutuwar ba, ta nuna ta yadda take.

Sunanta Edmonia Lewis. Mahaifinta baƙar fata ne, mahaifiyarta kuma daga ƙabilar Ojibwe, ’yan asalin ƙasar. Da Amurka ta yi mata ƙunci, sai ta koma birnin Rum na Italiya, can ta sassaƙa wannan aiki, aka yi jigilarsa zuwa babban baje kolin Philadelphia na 1876, inda jama’a suka yi ta tururuwar kallo. Amma bai samu mai saye ba.

Abin da ya biyo baya shi ya tsayar da ni. An kai sassaƙar Chicago, ta faɗa wata mashaya. Daga nan wani ɗan caca mai filin sukuwa ya mallake ta, ya kafa ta a kan kabarin dokinsa, don shi ma dokin Cleopatra ake kiransa. Shekara da shekaru tana shan rana da ƙanƙara, filin ya koma na wasan golf, ita kuma ta ƙare a farfajiyar tara tarkacen gini. Wasu yara ’yan sikawut ma sun shafa mata fenti, da zummar gyara suke yi. Sai a 1994 ta iso wannan gida.

Lewis ba ta ga wannan rana ba. Ta rasu a Landan a 1907, an manta da ita har kusan ƙarni guda ba a san inda kabarinta yake ba, alhali aikin hannunta na can yana raya sunan doki.

Da na fito, ruwa ya ɗauke tuni, ban ma lura ba.