Rufin Ɗakin Innata

A garinmu Dawakin Tofa rufin ɗaki iri uku ne: jinka, soro da kwano. Jinka tana da araha da sanyi, amma tana tsoron gobara. Soro kuwa azarar giginya ake jerawa, a shimfiɗa zana, a ɗora ƙasa, sa'an nan a shafe da makuba don kada ruwa ya ratsa. Kwano ya fi daɗewa, sai dai tsada, ga zafi da bazara.

Da na je hutun bara, na tarar soron Inna yana yoyo, indararo ya toshe, azara biyu sun ruɓe. Kuɗin gyaɗar da Baba ya sayar ba za su ishi kwano da kuɗin jarrabawata ba. Kawu ya ce, "Yaya, ka tuna ruwan Agusta 1988 da ya ɓalle madatsar Bagauda, ya rushe gidajen ƙasa a Kano. Sayi kwano." Baba ya yi shiru, daga baya ya zaɓi karatuna. Aka yi gayya, aka sake azara, aka yi yaɓe. Ni na kwaɓa ƙasar.

Malaminmu ya ce a birni akwai inshora da takaful, inda ake zuba kuɗi a biya wanda iska ta yaye wa rufi. Mu gayya da adashi ne namu. Inna ta shiga adashi, in ta kwasa za a sayi kwano.

'Yan'uwana ɗalibai, mu duba rufin iyayenmu kafin damina. Tun ran gini ran zane.