Maganar Turawan Ingila da harawar Baba

A makarantar horon malamai an koya mana Ingilishi kaɗan. Yawancinsa ya gudu daga kaina, amma wasu karin magana a kan aiki sun zauna.

Ɗaya tana cewa a shanya ciyawa tun rana tana nan. Tsohuwar magana ce, tana cikin littafin karin magana da wani Bature, John Heywood, ya buga a 1546. Da farko ta ba ni dariya. Mu nan wa yake neman rana? Ashe Ingila ƙasar ruwa ce. A watan Yuni da Yuli suke yankan ciyawa, su baje ta kwana kaɗan ta bushe, su ajiye wa dabbobi saboda sanyi, lokacin da ciyawa ba ta tsiro. In ruwa ya same ta a ƙasa, sai ta ruɓe.

Suna kuma cewa mai ƙwazo yana ƙona man fitila har tsakar dare. Wannan tun zamanin da ba su da lantarki ne. Abin da ke sa kwano ƙyalli kuwa, suna ce masa man gwiwar hannu, wato a durza da ƙarfi. Har akan aiki sabon yaro kanti ya sayo shi, don a yi masa dariya.

Wani dare wani dattijo a ajinmu ya ce zai bar karatu sai baɗi. Shi ne ya zo don ya riƙa karanta lambar sikeli da kansa in ya kai wake kasuwa. Baƙaƙe sun fara zama masa, amma ya gaji. Na san da ruwan fari ya sauka kowa zai tafi gona, kuma abin da ba a riƙe sosai ba damina tana wanke shi. Sai na ba shi maganar ciyawar.

Ya yi shiru. Ya ce, "Malam, ai wannan harawa ce. Bara na bar tawa a gona, ruwan ƙarshe ya dake ta, ta yi baƙi. Tumakina suka sha wuya."

Na ce, "Baba, to saura wata biyu damina."

Ya ce, "Na ji. Amma su masu ƙona mai har tsakar dare, wa yake saya musu?"

Aka yi dariya. Washegari ya zo da allonsa, da kananzir a ƴar kwalba.