Farar Ƙurar Sabha

Duk wanda ya ɗaura niyyar tafiya Libiya, abin da ake ja masa kunne a kai sananne ne: ƙishirwar hanya bayan an bar Agadas, 'yan bindiga, da gidajen da ake tsare mutum sai danginsa sun turo kuɗi. Ban taɓa jin an ce wa wani ya kiyayi ƙura ba. Alhali da yawa cikin 'yan uwanmu da suka yada zango a Sabha, babban birnin Fezzan, a cikinta suke wuni: buga bulo, fasa kankare, yankan tayil, sharar gini.

A shirin gaishe-gaishen da nake gabatarwa, saƙonnin murya daga Sabha ba sa yankewa. Aikin rediyo kuwa yana koya wa mutum sauraron numfashi, domin shi muke datsewa idan muna tace murya. Akwai wani magini da ya daɗe yana aiko mana gaisuwa. A da, a numfashi guda yake jero sunayen mutanen garinsu. Yanzu bayan suna uku sai ya tsaya, ya ja iska, ya yi tari, ya ce a yi masa afuwa, sanyi ne. Muryarsa ce ta kai ni wurin likitoci da tambaya.

A cikin yashi da dutse da kankare da tayil akwai sinadarin silika. Ƙurar hamada ma tana ɗauke da shi, amma wadda inji ya fasa yanzun nan ta fi illa. Wadda ido ke gani, hanci da maƙogwaro suna tare mafi yawanta. Mai laushin da ba a gani ita ke zarcewa ƙuryar huhu ta zauna. Jiki ya yi ta faɗa da ita, wurin ya yi tabo, huhu ya ƙage. Sunan cutar silikosis. Tabon ba ya gogewa, kuma yakan ci gaba da yaɗuwa ko an bar aikin. Yawanci sai bayan shekara 10 ko fiye take bayyana, amma idan ƙurar ta yi yawa ba ta jira haka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne dangantakarta da tarin fuka. Tana buɗe masa ƙofa, kuma a hoton ƙirji suna iya kama da juna. Mutum ya dawo Matamaye ko Daura, ya sha maganin wata 6, haki bai tafi ba, sai gida a fara zancen sammu, kuɗin da ya tara a Libiya su ƙare a hannun masu magani.

A 2018 kamfanonin haƙar zinariya na Afirka ta Kudu sun amince su biya rand biliyan 5 ga ma'aikatan da silikosis da tarin fuka suka kama. A Yulin 2024 Ostareliya ta haramta wani dutsen haɗi da ake shimfiɗawa a kicin saboda wannan ciwon. Leburan da ake sallama kullum da yamma, ba takarda ba shaida, wa zai kai ƙara?

Ma'aikata da yawa sukan sha madara bayan aiki, wai tana wanke ƙirji. Madara ciki take tafiya, ba ta bi ta huhu. Rawani da tsumma ma manyan ƙwayoyi kawai suke tarewa. Abin da ke aiki shi ne ruwa: a jiƙa tayil ko dutse a daidai bakin yanka (a kula da wayar lantarki), a yayyafa kafin shara, a yi yanka a waje ba a cikin ɗaki rufe ba. Takunkumin N95 yana taimakawa idan ya kama fuska sosai. Sigari kuwa ƙara wa huhu nauyi take yi.

Wanda ya riga ya dawo da haki ko tarin da ya ƙi ƙarewa, idan ya je asibiti kada ya jira a tambaye shi. Ya faɗa wa likita aikin da ya yi, da injin da ya riƙe, da shekarun da ya yi yana yi.