Wutsiyar Jirgin Baffa

Mu mutanen Gumel ba 'yan ruwa ba ne. Daga Gagarawa zuwa Maigatari, daga Sule Tankarkar zuwa cikin gari, abin da muka sani jigawa ce, da gero da riɗi da amalanke. Ruwanmu na rijiya ne da famfo, sai tafkunan damina da ke ƙafewa kafin sanyi ya wuce. Shi ya sa idan muka ce gidanmu na da jirgin ruwa, har mun shafe rani guda muna gardama a kan gyaransa, sai abokai su ce wasa muke.

Farin 1984 ne ya tura Baffanmu gabas, fadamar Hadejia, inda ya samu aron gonar shinkafa a wani ƙauye. Tun daga lokacin, duk shekara rabin gida kan koma can. Gonar tana bayan ruwa, ba a isa gare ta da ƙafa sai da rani. A shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, 1991, Baffa ya sayi kwale-kwale na katako a hannun wani masunci amininsa. Yau da wuya a nuna katako ɗaya da ba a sake ba a jikinsa, amma har yanzu jirgin Baffa ake ce masa.

Masuncin ne ya koya masa dabarar iska. Ana ɗinke buhunan taki, a ɗaura a gora, a kafa a tsakiyar jirgi. Mu tuta muke ce mata. Gonar tana arewa maso gabas da mashiga, don haka idan kaka ta yi, iskar hunturu ta fara kaɗawa, ita ke turo mu gida da lodin shinkafa, ba mai ba inji. Sai dai jirgin da iska ke turawa yana bukatar abin da zai riƙe masa hanya daga baya. Masuncin ya yanko katako mai faɗi, gajere, ya maƙala shi a gindin jirgi da irin ƙarfen da ake maƙala ƙofa, ya sa masa mariƙi na icen ƙirya. Direbobin gidanmu suna kiransa sitiyari. Mu da muka tashi da shi wutsiya muke ce masa.

Wutsiyar ta yi aiki shekaru, amma ruwan da aka yi ta dominsa ya canja. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya riƙa zama a wuraren da a da suke bushewa da rani, kachala kuma ta samu wurin yaɗuwa. Hanyoyin da Baffa ya sani a buɗe sun zama lunguna masu kwana. Wutsiya mai faɗi tana kwasar ciyawa kamar manjagara. Idan jirgi ba kaya, gindinsa kan ɗaga, ta kusa fita daga ruwa, sai ka juya mariƙi jirgi ya yi kamar bai ji ba. Idan da lodi kuwa, sai ta yi nauyin da yaro ba ya iya juya ta. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne duk lokacin da ta daki ƙasa a wuri marar zurfi, ƙusoshin sukan motsa, ruwa ya riƙa tsattsafowa ta ramukansu.

Yayanmu babba ya ce a huta da wahala, a sayi inji. Muka zauna da lissafi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin fetur na kaka ɗaya zai ci buhunan da ba mu da rarar su, ga farfela da ke naɗe kachala kowane 'yan taku. Baffa kuwa ya ƙi inji, ya ƙi gyara.

"Shekara talatin tana kai ku tana dawo da ku," in ji shi. "Yau kuma ita ce mai laifi?"

"Baffa, ku yi haƙuri, ba raina ta muka yi ba," in ji Yaya. "Ruwan ne ba na da ba."

Mun san abin da ke ransa. Masuncin ya rasu, kuma wannan katako shi ne aikin hannunsa na ƙarshe da ya rage a jirgin. Goggo ce ta raba gardamar. Ta tuna mana jirgin da ya kife a Bagwai ta Jihar Kano a ƙarshen Nuwamban 2021, inda fiye da mutum ashirin suka rasu, da yawansu yara 'yan Islamiyya. Yaya ya ce ai wancan lodi ne ya yi yawa. Ta ce ta sani, amma jikokinta ne ke kai abinci gona a wannan jirgin, kuma cikinsu ba wanda ya iya iyo kamar 'ya'yan masunta. "Malam, ko a gyara, ko su daina shiga." Baffa ya yi shiru, can ya ce a gyara, amma kada a taɓa mariƙin.

A Gumel aka yi aikin, wurin wani mai walda da ke ƙera amalanke, wanda bai taɓa shiga jirgi ba. Mun kawo masa awon gindin jirgin a jikin kara da igiya. Ƙaninmu ya binciko a waya cewa mutanen Sin sun san irin wannan matuƙi na bayan jirgi kusan shekara dubu biyu da suka wuce, Turawa kuwa sun daɗe suna tuƙi da babban filafili a gefen dama kafin su koma gare shi. Mai walda ya saurara, ya ce shi dai a faɗa masa inda nauyi zai faɗa.

Abu huɗu muka canja. Na farko siffa: kafinta ya fere mana katakon maɗaci siriri mai tsawo, gabansa a dunƙule, bayansa a feƙe, ya karkata baya kaɗan don ciyawa ta zame ta wuce. Katako mai shiga ƙasa yana samun ruwa ko da gindin jirgi ya ɗaga. Na biyu, aka bar ɗan yanki kaɗan na katakon a gaban sandar da yake juyawa a kanta. Ruwan da ke dukan wannan yanki yana taya hannu, mariƙi ya yi sauƙi. Na uku, aka raba wutsiyar gida biyu, aka haɗa da ƙusa mai noti guda ɗaya, aka ɗaure da robar tayar mota. Idan ta daki ƙasa ko kututture sai ta ɗaga sama da kanta, robar ta dawo da ita, gindin jirgi bai ji komai ba. Na huɗu, aka daina dogara da ƙusoshi. An sa faranti na ƙarfe ciki da waje, ƙusoshi masu noti suka ratsa katako suka matse, aka toshe tsoffin ramuka da kwalta, aka shafe ƙarfen da fenti saboda tsatsa.

Akwai na biyar da mai walda ya ƙara da tunaninsa. Ya ce ko sa idan ka fizge shi da ƙarfi tsayawa yake yi. Sai ya liƙa ƙananan ƙarafa biyu, hagu da dama, don kada wutsiyar ta karye kwana fiye da kima. Ashe haka abin yake a ruwa: idan aka juya ta da yawa, ta daina juya jirgi, ta zama birki.

Muka ɗora ta a mota zuwa Hadejia, aka ɗaura, aka zura tsohon mariƙin ƙirya a kanta. Ya yi sulɓi, har da ɗan kwari a inda babban yatsan Baffa ke zama. Shi ya fara tuƙawa. Ya shiga lungun kachala da a da sai mutum biyu sun sa gora, ya fito bai ce komai ba. Da ya sauka sai ya tambayi nawa mai walda ya karɓa, ya ce a ƙara masa. Tsohon katakon kuwa ya sa aka kawo masa Gumel, yana jingine a zaurensa.

Gyaran bai mayar da mu masunta ba, bai kuma mayar da tsohon jirgi sabo ba. Wutsiya ba ta aiki sai jirgi yana tafiya, don haka idan iska ta ɗauke, gora da filafili ne dai. Mun ja layin jan fenti a jikin jirgi: idan ruwa ya taɓa shi, ko buhu ɗaya ba a ƙarawa, ko na wane ne. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta hana tafiyar dare, ta kuma ce a sa rigar ceto. Mu tun kafin mu ji dokar, Goggo ta hana kowa shiga ruwa bayan magariba. Rigunan ceto uku muka iya saya, kuma na yara ne.

Bana 'yar Yaya mai shekara goma sha biyu ta fara koyon tuƙi. Abin da ya fi ba ta wuya shi ne yarda cewa idan kana son hagu, dama za ka tura mariƙi. Baffa na zaune kusa da ita, ba ya karɓa ko ta kauce, sai dai ya ce, "A hankali, uwata, ki jira shi ya ji." Idan Allah Ya kai mu kasuwar Maigatari ta Alhamis bayan girbi, za mu sayar da rago ɗaya mu cike sauran rigunan.