Abin Da Ke Ƙarƙashin Babu

In ka tambayi yaro mai koyon ƙidaya wace lamba ce mafi ƙanƙanta, zai ce maka ɗaya. In ya ɗan yi nisa a karatu, zai ce sifiri, watau babu. Haka aka koya mana, haka kuma yawancinku kuka koya a ajin yaƙi da jahilci: in an ɗebe 5 daga 5 saura babu, in kuwa an ce a ɗebe 7 daga 5, sai a ce ba ya yiwuwa. To, ni aikina rubuta kuɗin shiga da na fita ne, kuma littafin lissafi ya nuna mini yana yiwuwa, kullum ma yinsa ake yi. Abin da nake so in bayyana muku shi ne, ƙidaya ba ta ƙare a kan babu ba. Akwai waɗansu lambobi a ƙarƙashinta, wanda bai san su ba kuwa yakan zaci yana da dukiya alhali ta wani yake riƙe da ita.

Ga mutum biyu zaune a kasuwar Ƙafin Maiyaki, kowannensu aljihunsa wayam. Na farko ba ya bin kowa, ba kuma wanda ke binsa. Na biyu ana binsa naira 3,000. In ka laluba aljihunsu za ka ce daidai suke, amma ba daidai suke ba. Ka ba kowannensu naira 3,000 ka gani. Na farko zai tashi da kuɗinsa, na biyu kuwa yanzu ne ya iso inda na farko yake tun da safe. Ashe dā can yana ƙasa da babu da naira 3,000. Masu lissafi sukan sa wa abin da mutum ya mallaka alamar tarawa, su rubuta +3,000, abin da ake binsa kuma su sa masa alamar ɗebewa, su rubuta −3,000. Bari mu kira ta fari lambar samu, ta biyu lambar bashi.

Don abin ya zauna a zuciya, ku dubi rijiya wadda ke gindin bishiya. Bakin rijiya shi ne sifiri. Abin da ya hau sama, kamar reshen da ke gaba 2 daga ƙasa, shi ne +2. Abin da ya gangara ciki, kamar gugan da aka zura gaba 6, shi ne −6. In an jawo gugan nan gaba 4, bai fito ba tukuna, yana kan −2. In an ƙara jawo shi gaba 2, ya iso baki, watau sifiri. Sai an ɗaga shi daga nan kāna ya shiga lambobin samu. A nan akwai wurin da mutane kan ruɗe. Kowa ya san 9 ta fi 2, amma −9 ba ta kai −2 ba, gama wanda ke gaba 9 cikin rijiya ya fi nisa da fitowa. Wanda ake bi buhu 2 ya fi wanda ake bi buhu 9 arziki, ko da yake dukansu ba su da ko tiya.

Yanzu sai yadda ake tara su. Ƙa'idodin uku ne, ba su da wuya. Ta ɗaya, in lambobin iri ɗaya ne, a haɗa su, a bar musu alamarsu. Samu 4 da samu 3 sun zama +7. Bashi 4 da bashi 3 sun zama −7, don bashi a kan bashi ƙara zurfi yake yi. Ta biyu, in sun bambanta, a rufe alamun tukuna, a ɗebe ƙaramar daga babbar, sa'an nan a ba amsar alamar babbar. Samu 12 da bashi 7 sun zama +5, amma samu 7 da bashi 12 sun zama −5. Ta uku, in samu da bashi sun zo daidai wa daida, sun cinye juna, saura sifiri.

Amfanin wannan yakan bayyana da kaka. A ƙasar Tudun Wada da Doguwa ana noman masara ƙwarai, masara kuwa ba ta yi sai da taki. Saboda haka manomi da yawa yakan karɓi taki ba-da-kaka, watau ya karɓa da damina ya biya da hatsi in an girbe. A ce wani ya sami buhu 12. Ya dube su jere a zaure, ransa ya yi fari, har ya fara maganar ƙara aure. Amma mai taki yana binsa buhu 7, abin da ya ranta ya biya 'yan ƙwadago ya kai buhu 4, ga kuma ragowar bashin bara buhu 3. Mu tara basussukan tukuna bisa ƙa'ida ta ɗaya: −7 da −4 da −3 sun zama −14. Sa'an nan mu haɗa da +12 bisa ƙa'ida ta biyu: amsa −2. Mutumin nan ba shi da buhu 12, ba shi ma a kan babu, yana gaba 2 cikin rijiya. Na sha ganin irin wannan magidanci ya yi buki da kaka, kafin bazara ta fita ya jinginar da gonar gado. Ba ragwanci ne ya kai shi ba, ya yi noma iyakar ƙarfinsa. Abin da ya gani da ido ya ƙirga, abin da ke rubuce a littafin wani bai ƙirga ba.

Kada ku zaci wannan ilmi baƙo ne, ko kuwa Turawa ne suka fara shi. Mutanen Sin suna lissafi da 'yan sanduna, jajaye na samu, baƙaƙe na bashi, wani malaminsu mai suna Liu Hui ya yi sharhin haka a shekarar 263. A ƙasar Hindu, Brahmagupta ya rubuta ƙa'idodin tara su a 628, da sunan dukiya da bashi ya kira su, kamar yadda muka yi a nan. A Bagadaza, Abul Wafa, wanda ya rasu a 998, ya wallafa littafin hisabi domin magatakarda da 'yan kasuwa, a ciki ya kira irin wannan lamba bashi. Alamun nan biyu, + da −, an fara buga su ne cikin wani littafin lissafin ciniki a Jamus a 1489, don nuna rara da gibi. Ko'ina ka duba, kasuwa ce ta haifi lambar bashi.

Mu ma da muka yi karatun allo mun taras da ita tun ba mu san sunanta ba. Ayar da ta fi kowace aya tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. In kuma mutum ya rasu, malamai ba su raba gado sai an fitar da kuɗin jana'iza, an biya bashi, an zartar da wasiyya. Watau sai an haɗa lambar samu da ta bashi kāna a san abin da magada za su gāda. In bashi ya cinye dukiya, ba abin rabawa, kome yawan abin da aka gani a ɗaka.

Ba ina cewa kada a ci bashi ba. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma takin da aka ranta ya fi gonar da aka bari ba taki. Abin da nake roƙonku shi ne, tun da Allah ya ba ku karatu da rubutu, kowa ya sami ɗan littafi, ya ja layi ya raba shafi biyu. A dama ya rubuta abin da ya shigo da abin da yake bi, a hagu ya rubuta abin da ake binsa, da sunan mai shi da ranar biya. Ran da aka kawo amfanin gona gida, kafin a kai ko mudu ɗaya kasuwa, ya tara kowane gefe dabam, ya haɗa su, ya dubi alamar da ta fito. In + ce, ya gode wa Allah, ya yi hidimarsa gwargwadonta. In − ce, ya san zurfin da yake, ya rage buki, ya je ya sami masu binsa tun ba su zo ba. Allah ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu, amin.